Daga Sarkin Maƙera Zuwa Ogan Gareji a Bauchi

Jama'a, kafin mota ta taka Ƙofar Ran, mai gyaran ƙarfe a Bauchi maƙeri ne. Tun da Malam Yakubu ya kafa garin a farkon ƙarni na 19, fartanya da takobi da linzami duk a maƙera ake yin su, kuma maƙera ba su zauna kara zube ba. Kamar sauran masarautun Arewa, akwai Sarkin Maƙera, shi ke karɓo aikin fada ya raba, shi ke sasanta rigimar 'yan sana'a, in aiki ya ɓaci kuma shi ake tambaya.

Zuwan Turawa ya kawo heluma da makanikin sashen ayyuka na En'e. Jirgin ƙasa ya iso Bauchi a 1961, aka kafa jiha a 1976, ma'aikatu suka cika da motoci da taraktoci da janareto masu neman mai kula da su.

Babban sauyi dai kamfanin Steyr ne ya kawo shi. Gwamnatin tarayya ta haɗa hannu da wani kamfanin ƙasar Ostiriya, aka fara haɗa manyan motoci da taraktoci a nan Bauchi a ƙarshen shekarun 1970, a zamanin da Peugeot ke Kaduna, Volkswagen ke Legas. A irin wannan masana'anta shugaban kanikawa ba ƙarfin hannu kaɗai ake nema wurinsa ba. Sai ya iya karanta zanen inji, ya raba aiki, ya ƙirga sifana da safe ya sake ƙirgawa da yamma, ya sa hannu kafin mota ta fita. In birki ya ƙi ci a hanyar Jos, sunansa ne a takarda. A ganina wannan sa hannun shi ne abin da muka fi asara.

Da aka shigo da tsarin SAP a 1986, naira ta faɗi, kayan haɗi daga waje suka yi tsada, masana'antun haɗa motoci suka durƙushe, motocin Kwatano suka cika kasuwa. Aikin ya koma garejin bakin titi. A nan oga shi ne komai: uba ya kawo ɗansa ya ce, "Oga, ga amana." Yaro ya fara da wanke noti da miƙa sifana, ya yi shekaru kafin a yarda ya buɗe inji, sannan a yaye shi da addu'a. Tsarin ya ciyar da gidaje da yawa, kada a raina shi. Amma babu wanda ke duba ogan kansa, sai fa in rigima ta kai ga ƙungiyar NATA.

Yanzu mota ta zama kwamfuta. Ogan da ke gane ciwon kafireta da kunne yana tsaye, yaronsa na latsa na'urar bincike. Ga Kwalejin Fasaha ta Tarayya tun 1979, ga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, duk a garin nan, ga kuma jarrabawar sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago mai mataki uku. Iyayen da za su kai yaro gareji bana, ku tambayi oga ko zai bar shi ya zauna wannan jarrabawar.