Daga Girka zuwa Salula: Wa Ke Sauraren Mai Ciwon Rai?

Da hutun da ya wuce na koma gida Cadakori, na tarar da gwaggona ta yi wata biyu ba ta barci. In an tambaye ta, sai ta ce: "Lafiya lau, kaina ne ke zafi." Maƙwabta kuwa cewa suke iska ce ta buge ta. Na rubuta maganar maƙwabtan a wata manhajar fassara da ke cikin salulata, sai ta fito mini da Faransanci wai guguwa ta kada ta. Dariya na yi, amma daga baya dariyar ta tsaya. In wannan ne likitan da ake cewa zai zo mana ta waya, to da wane kunne zai ji gwaggona?

Tambayar nan tsohuwa ce a ƙasarmu. Bayan jihadin 1804, sarakunan Katsina da na Gobir da aka kora sun kafa Maraɗi da Tsibiri, kuma bori ya ci gaba da zama a fadojinsu, Iya na shugabantarsa a Maraɗi, Inna a Gobir. Wanda hankalinsa ya taɓu akan kai shi girka, a yi kwanaki ana kiɗa har a gane iskar da ta hau shi, ko Doguwa ce ko Ɗan Galadima. Wasu kuma wajen malam suke zuwa, a yi rubutu a sha. Jacqueline Monfouga-Nicolas ta yi bincike kan borin yankin Maraɗi, ta fitar da littafi a 1972. Ban zo kare bori ba, kowa ya san hukuncinsa wajen malamai, kuma mun san an sha ɗaure marasa lafiya da mari a gidaje. Abin da nake so mu lura da shi guda ne: ciwon yakan samu suna cikin harshen mai shi, dangi kuma suna zaune a wurin.

Asibitin Turawa ya zo da nasa sunayen, cikin Faransanci a nan, cikin Ingilishi a ƙetaren iyaka. A Najeriya dokar 1916 tsarewa ta fi sani, ba magani ba. Wanda ya fara gyara wannan shi ne Dakta Thomas Adeoye Lambo. A 1954, a Aro kusa da Abeokuta, ya sauke marasa lafiya a gidajen ƙauyawa, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. A Dakar, Henri Collomb ya bi hanya mai kama da wannan a asibitin Fann. Dukansu sun gane allura kaɗai ba ta isa in ba a ji abin da mutum ke faɗa ba.

Ita kuma na'ura ta shigo zancen tun kafin a haife mu. A 1966 Joseph Weizenbaum na jami'ar MIT a Amurka ya ƙera ELIZA, manhajar da ke kwaikwayon likitan ƙwaƙwalwa. Ba ta fahimtar komai, maganar mutum kawai take juyawa ta mayar masa da tambaya. Duk da haka sakatariyarsa ta taɓa roƙonsa ya fita daga ɗakin don ta yi hira da ita a keɓe. Abin ya tsorata shi. Ka ga ashe mai damuwa kunne yake nema, ko da na ƙarya ne.

A 2006 Dakta Dixon Chibanda ya fara wani shiri a Harare ta Zimbabwe: ya horar da tsofaffin mata, suna zama kan benci a harabar asibiti suna sauraren mutane. Ba su ce wa kowa yana da "depression" ba. Kalmar Shona suka ɗauka, kufungisisa, wato yawan tunani. Mutane suka zo, don sun ji sunan abin da ke damunsu.

Yau kuma, tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, ana ta maganar ƙirƙirarriyar basira za ta cike giɓin likitoci. Giɓin gaskiya ne: daga ƙauyukanmu sai an je Maraɗi ko Yamai kafin a ga ƙwararre, salula kuwa tana aljihun kowane saurayi. Sai dai waɗannan na'urori daga rubutu suke koyo, kuma Hausar da ke intanet kaɗan ce, yawancinta ta labaran rediyo da ta Kano. A 2022 su Shamsuddeen Hassan Muhammad sun fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter na Hausa da Yarbanci da Ibo da Pidgin, an yi wa kowane alama ko daɗi yake nunawa ko ɓacin rai. Aiki ne babba. Amma gwaggona ba ta Twitter. Kuma wace alama za a sa wa "lafiya lau" ɗinta, wadda kunya ce ta faɗe ta?

Nan ne aikinmu yake, mu ƴan makaranta. Mu zauna da tsofaffi da ma'aikatan asibitocin karkara, da izininsu, mu rubuta yadda Bagobiri ke faɗin ciwon rai: zuciya ta yi baƙi, rai ya ɓaci, duniya ta yi zafi, kai ya ɗau caji in ji samari. Mu bambance wanda ke nufin gajiya da wanda ke nufin a yi maza a kai mutum likita. Mu kuma tambaya, sirrin da aka faɗa wa waya, a hannun wa yake kwana?

Gwaggo dai ta samu sauƙi. Wani ma'aikacin jinya ne ya zauna da ita, ya tambaye ta tun yaushe kan ya fara zafi. Ta ce tun ranar da ɗanta ya tafi Libiya. Daga nan aka fara magani.