Tashar Muryar Najeriya ta Lugbe, tun kafin tsatsa ta ci ƙarfenta

A Lugbe, kan hanyar filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, akwai tashar da mazauna unguwar suka fi saninta da sunan titi da kwatancen gida, alhali ita ce bakin da Najeriya ke yi wa duniya magana da shi. Asalinta yana Legas. A 1961, zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka buɗe Muryar Najeriya a matsayin sashen ƙasashen waje na hukumar rediyo ta NBC, tana watsa shiri na ɗan lokaci kullum da Turanci da Faransanci zuwa maƙwabta. Daga baya aka kafa manyan na'urorinta a Ikorodu, harsuna suka ƙaru har da Hausa, Larabci, Suwahili da Fulatanci. Da NBC ta koma FRCN a ƙarshen shekarun 1970 sashen ya bi ta, sai a ranar 5 ga Janairu 1990 ya tsaya da ƙafarsa, gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta tabbatar da shi da doka mai lamba 15 ta 1991. Tashar Lugbe ce matakin baya-bayan nan: a watan Maris 2012 Mataimakin Shugaban Ƙasa Namadi Sambo ya buɗe ta, da na'urori uku masu ƙarfin kilowat 250 kowacce, da katafariyar eriya mai juyawa, wadda ake karkata fuskarta zuwa duk nahiyar da ake son murya ta isa.

Ra'ayina shi ne a sa wannan tasha, tare da yayarta ta Ikorodu, cikin kayan tarihin ƙasa tun tana numfashi. Za a ce ai sabuwa ce, kuma tarihi a wurinmu ganuwa ne da gidan sarki. Amma dubi Kamina a ƙasar Togo. Jamusawa sun gina tashar rediyo can tsakanin 1911 da 1914 don haɗa yankunan mulkinsu da Jamus, kuma saboda ita sojojin Ingila da Faransa suka kutsa Togo da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Farko. Masu ita da kansu suka rushe ta a watan Agusta 1914 kafin su miƙa wuya. Shekara uku kacal aka yi daga aza harsashinta zuwa rushewarta, yau kuwa abin da ya rage na siminti da ƙarfe shi ne shaidar wancan yaƙi a Afirka ta Yamma. Aikin da wuri ya yi shi ke ba shi daraja, ko da shekarunsa ba su kai na yaro ba.

Hujja mafi nauyi ta masu adawa da wannan ra'ayi ita ce rediyon gajeren zango ya tsufa, wayar hannu da intanet sun karɓe masu sauraro, filin Lugbe kuma ya yi tsadar da ke sa idon masu gina rukunin gidaje ya yi ja. Gaskiya ne, kuma daidai wannan ne ya sa nake gaggawa, domin fili mai tsada ba ya daɗewa babu mai shi. Siwidin ta fuskanci irin wannan a Grimeton, tashar da aka kammala a 1924, wadda sojojin ruwanta suka yi amfani da ita wajen magana da jiragen ƙarƙashin teku har cikin shekarun 1990. Da aikin ya ƙare ba a sayar da ƙarfen a kilo ba. UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2004, har yanzu kuma ana tayar da tsohon injinta a wasu ranaku na shekara, ana jin sa a ƙasashe masu nisa. Ballantana mu, da makiyayi a ruga da ɗan kasuwa Bahaushe a Kumasi ko Agadas suka tashi da rediyo a kafaɗa, suna murɗa shi da asuba.

Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa tana da ikon neman a ayyana wuri a matsayin abin kiyayewa. Aikin farko mai sauƙi ne: a shata iyakar filin Lugbe a rubuce, a tattara kaset-kaset da takardun Ikorodu, a naɗi muryar tsofaffin injiniyoyin da suka kwana gaban waɗannan na'urori tun suna raye.