Tiyatar ciro ƙwayoyin haihuwa na maza: Yadda ake yin ta

Likitoci sun ƙiyasta cewa namiji ɗaya cikin ɗari ba shi da ƙwayar haihuwa ko ɗaya a cikin maniyyinsa. Shekaru arba'in da suka wuce, galibi irin wannan mutum ba shi da wata hanya ta samun ɗa na cikinsa, amma a yanzu tiyata na bai wa da dama daga cikinsu damar haihuwa.

A shekarar 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida na fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Ko da yake a ƙasar Hausa akan ɗora wa mace laifi, masana sun ce a kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa, da hannun matsalar miji a ciki.

Mene ne ke jawo matsalar?

Ba a gane ta da ido, domin mai ita kan sadu da iyalinsa lafiya lau. Sai an auna maniyyin a ɗakin gwaje-gwaje, aƙalla sau biyu, kafin a tabbatar.

Matsalar iri biyu ce. Ta farko, maraina na samar da ƙwayoyin, amma hanyar fitarsu ta toshe, sakamakon cututtuka irin su ciwon sanyi, ko wata tiyata da aka taɓa yi, ko kuma an haifi mutum ba tare da bututun ba.

Ta biyu, wadda ta fi wuyar magani, ita ce marainan ba sa samar da ƙwayoyin, ko kuma suna samar da 'yan kaɗan ƙwarai. Larurar gado, da hangum bayan balaga, da rashin saukowar maraina tun ana jariri, da magungunan ciwon daji na cikin abubuwan da ke haddasa ta.

Yaya ake ciro ƙwayoyin?

Idan toshewa ce, likita kan sa siririyar allura ya zuƙo ƙwayoyin daga bututun da ke manne a bayan maraina, inda suke taruwa. Galibi allurar kashe zafi ta wadatar, kuma mutum kan koma gida a ranar.

Idan kuwa samarwar ce ta yi ƙaranci, akan yi wa mutum allurar barci, a tsaga marainan, a yi amfani da madubin tiyata mai girmama abu wajen lalubo 'yan wuraren da ƙwayoyin suka rage. Dokta Peter Schlegel na Jami'ar Cornell da ke Amurka ne ya bayyana wannan dabara a 1999, kuma akan dace a kusan rabin waɗanda aka yi wa.

Daga nan sai me?

Ƙwayoyin da aka ciro ba su da yawa, ba su kuma da ƙarfin shiga ƙwan mace da kansu. Don haka ake amfani da hanyar da likitoci ke kira ICSI a taƙaice, inda ake ɗaukar ƙwaya guda tak a tura ta cikin ƙwan da allurar gilashi.

Dokta Gianpiero Palermo da abokan aikinsa ne suka fara cin nasarar hakan a birnin Brussels na ƙasar Beljiyam a 1992, wato shekaru 14 bayan haihuwar Louise Brown a Ingila, jaririyar farko da aka haɗa cikinta a wajen mahaifa.

Kafin nan, akan yi wa matar allurai na kwanaki goma zuwa sha biyu domin ƙwayayenta su ƙosa, sannan a zuƙo su. Bayan kwana uku zuwa biyar da haɗawa, sai a dasa ɗan tayin a mahaifarta. Akan kuma daskarar da ragowar ƙwayoyin mijin domin gaba.

Iyakar aikin

Samun ƙwayoyin ba ya nufin lallai ciki zai shiga. Nasara ta dogara sosai ga shekarun matar, kuma takan ragu bayan shekaru 35. Aikin na da tsada, ana kuma iya maimaita shi fiye da sau ɗaya.

Mijin na iya samun kumburi ko zubar jini, wani lokacin ma sinadarin mazakutarsa ya ragu. Idan larurar ta gado ce, ɗansa namiji na iya gadonta, abin da ya sa likitoci ke ba da shawarar a yi gwajin jini tun farko.

Matsayin addini

A 1980, Muftin Masar na lokacin, Sheikh Jad al-Haq, ya ba da fatawar halatta haɗa ƙwayoyin miji da na matarsa a wajen mahaifa, muddin aurensu na nan, tare da haramta amfani da maniyyin wani namiji dabam. Mafi yawan malaman Sunni na kan wannan matsayi.

Wannan ya sa ga ma'aurata Musulmi da dama, ciro ƙwayoyin mijin ita ce kaɗai hanyar da ta rage musu ta samun ɗan da nasabarsa ke komawa ga ubansa.