Ƙafa, jirgi, acaɓa: yadda sufuri ya zana taswirar Kano

1/ Jiya a cikin adaidaita wani dattijo ke cewa zai bar gidan da ya gina da guminsa a bayan gari, ya koma haya a Fagge, don kuɗin mota ya fi ƙarfinsa. Aka yi ta yi masa dariya. Ni kam ban yi ba, domin lissafin nan nasa ya girmi kakanninmu. Ku biyo ni.

2/ Kano ta dā gari ne na ƙafa da jaki. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), ita ce cibiya. Ku duba sunayen unguwannin tsohon birni: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi, Dandalin Turawa (Turawan nan Larabawa ne fa). Baƙon ɗan kasuwa yana sauka ne inda zai taka zuwa rumfarsa da safe, ya dawo kafin magariba.

3/ Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo a 1851, ya tarar da makeken fili a cikin ganuwa, gonaki da fegi, mutane kuwa sun cunkushe a gefe guda. E, gonakin suna da amfani ranar da aka yi wa gari ƙawanya. Amma a ganina akwai wani dalilin: wa zai yi gini inda zuwa kasuwa zai cinye masa hantsi?

4/ Fagge ma zango ce ta ayari a bayan ganuwa, inda masu raƙuma ke sauke kaya dab da ƙofar gari.

5/ Sai jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka kafa tasha a wajen ganuwa ta gabas. Nan fa gari ya karkata. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna kusa da layin dogo, gyaɗa ta bi su, leburori da dillalai suka bi gyaɗa. Wajen 1913 aka yanka Sabon Gari don ma'aikatan jirgi da na kamfanoni da suka zo daga Kudu.

6/ Kar wani ya ce na ce duk zaɓi ne. Turawa ne suka raba wa mutane wuri: su a Nasarawa, 'yan Kudu a Sabon Gari, 'yan gari a birni. Doka ce. Sai dai dokar ma ta yi la'akari da cewa akawu sai ya iso ofis da ƙafa ko keke.

7/ Haka aka sake yi da masana'antun Bompai. Tudun Wada, Gwagwarwa da Dakata suka cika da ma'aikata, saboda keke na kai mutum bakin aiki.

8/ Abin da ya ɓalle wa gari linzami, a nawa karatun, acaɓa ne. Babur ba ya neman kwalta. Lungu, rairayi, kwata, duk yana kutsawa. Sai talaka ya gane zai iya sayen filin awon igiya a Kurna, Rijiyar Lemo, Sheka ko Ɗorayi, ya yi ɗaki biyu, kuma ya buɗe shagonsa a Kwari ko Wambai kan lokaci. Gidaje suka riga titi zuwa, suka riga famfo, suka riga makaranta.

9/ A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, gwamnati ta hana acaɓa. Adaidaita sahu, da aka shigo da ita zamanin Shekarau musamman don mata, ta gaji aikin. Amma ita ba kowane lungu take shiga ba. Wanda gidansa ke can ciki ya koma taka sayyada zuwa bakin titi, da damina kuwa sai wanda ya gani.

10/ Sannan 29 ga Mayu, 2023: cire tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki. Arhar filin bayan gari dama bashi ce, kullum ake biyanta kaɗan-kaɗan a hannun direba. Yanzu bashin ya ninka.

11/ Ni kaina adaidaita biyu nake hawa zuwa makaranta, biyu a dawowa. Abokaina uku sun haɗa kuɗi sun kama ɗaki kusa da makaranta, alhali duk iyayensu na cikin garin nan.

12/ Dattijon nan kafin ya sauka ya ce ya riga ya samu mai haya a gidan nasa. Wani ya tambaye shi wane ne. Ya ce direban adaidaita.