Ceto ta Wurin Bangaskiya Kaɗai: Tarihin Koyarwar da Yadda ta Iso Ƙasar Hausa da Bangui

Ceto ta wurin bangaskiya kaɗai koyarwa ce ta Kiristocin Furotesta. Tana cewa mai zunubi yana samun karɓuwa a gaban Allah ne saboda dogararsa ga Yesu Almasihu, ba don azuminsa ko sadakarsa ko kyan halinsa ba. Masu bi na ƙasar Hausa suna kiran wannan karɓuwa baratarwa, kuma suna cewa kyauta ce ta alherin Allah. Aikin kirki a wurinsu 'ya'yan itace ne, ba saiwa ba. Yawancin littattafan da suka ba da tarihin koyarwar a Turai suke tsayawa, su kuwa tarihohin mishan na ƙasashenmu sai su yi ta jera tashoshi da sunayen Turawa ba tare da faɗin abin da aka yi wa'azi a kai ba. A tsakanin waɗannan biyu ne aka samu zaton da ya yaɗu cewa mabiya Luther ne suka kawo ta nan. Ba haka abin ya kasance ba, in ban da a yankin Numan.

Asali

Tushen gardamar yana cikin Sabon Alkawari. Manzo Bulus, a wasiƙunsa zuwa ga Romawa da Galatiyawa, ya kafa hujja da Ibrahim cewa bangaskiyarsa aka lissafa masa adalci, tun kafin zuwan Shari'ar Musa. Wasiƙar Yakubu kuma, da wannan Ibrahim ɗin ta kafa hujja cewa bangaskiyar da babu aiki tare da ita ba ta da rai. A ƙarni na biyar Augustine, bishop na Hippo, garin da yanzu ake kira Annaba a Aljeriya, ya kara da Pelagius a kan ko mutum yana iya yin nagarta da ƙarfin kansa. Taron Carthage na shekarar 418 ya ba Augustine gaskiya. Ke nan a ƙasar Afirka aka fara yanke hukunci a kan fifikon alheri, shekara dubu da ɗari ɗaya kafin Luther.

Labarin Martin Luther sananne ne. A ranar 31 ga Oktoba 1517 ya aika wa babban bishop na Mainz batutuwa 95 yana sukar cinikin takardun sassaucin horo. Ko ya kafa su da ƙusa a ƙofar cocin Wittenberg, wannan masana sun yi ta ja-in-ja tun 1961, lokacin da Erwin Iserloh ya tayar da shakka. Wasiƙar dai ita ce tabbas. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, batutuwan nan ba su zayyana ceto ta bangaskiya kaɗai ba. Wasu suna sa fahimtar Luther a wajen 1514, lokacin da yake karantar da Zabura, amma shi da kansa, a rubutunsa na 1545, ya kai ta kusa da 1519, kuma littattafansa na 1520 ne suka fara fito da ita a fili. Wannan lissafi na biyu ya fi zama a hankali. Shaidar bangaskiya ta Augsburg ta 1530 ta sa koyarwar a sashe na huɗu. Katolika suka mayar da martani a taron Trent a watan Janairu 1547: alheri ne mafari, amma dole mutum ya ba da haɗin kai, kuma baratarwa tana canza shi daga ciki, ba wanke shi kawai ake yi a gaban shari'a ba. Cocin Ingila ta bi sahun Furotesta a sashe na 11 na ƙa'idojinta 39.

Ƙasar Hausa, 1893 zuwa 1955

A watan Disamba 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar kaiwa ƙasar da Turawa ke kira Sudan. Babu wata ɗariƙa da ta aiko su, babu albashi. Tsarinsu irin na Hudson Taylor ne na ƙasar Sin: a roƙi Allah, kada a roƙi mutum. Cikin kimanin shekara guda Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Sai a 1902 ƙungiyar Bingham, wadda daga baya aka sani da SIM, ta samu gindin zama a Patigi. A 1904 Karl Kumm ya kafa tashar wata ƙungiyar mishan, SUM, a Wase. Waɗannan ƙungiyoyi biyu sun tara Baftis da Firesbiteriya da Methodis da wasunsu, mutanen da ba su yarda da juna ba a kan baftismar jarirai ko tsarin shugabanci. Abin da ya haɗa su ɗan kaɗan ne, kuma ceto ta bangaskiya kaɗai yana tsakiyarsa. Shi ya sa koyarwar ta iso nan a tuɓe, ba tare da littattafan ibada da katikisim da suka lulluɓe ta a Jamus ba. Mabiya Luther na ƙasar Danmak sun zo ne a 1913, lokacin da likita Niels Brønnum ya isa Numan, kuma a ƙarƙashin inuwar SUM suka shigo, cikin Bachama, nesa da manyan biranen Hausa.

Ta ɓangaren Anglikan, ayarin ƙungiyar mishan ta CMS ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell ya isa Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki, suka koma Girku. A cikinsu akwai likita Walter Miller, wanda ya koyi Hausa a Tarabulus wurin alhazai da fatake. Ya samu zama a birnin Zariya a 1905, aka mayar da mishan ɗin Wusasa a wajen 1929.

A nan ne labarin Isawa yake shigowa, kuma a nan ne ya kamata a yi hattara. Malam Ibrahim malami ne a Kano da ya yi ta bibiyar abin da Alƙur'ani ya faɗa a kan Annabi Isa har ya ba shi wani matsayi na musamman. An kashe shi a kasuwar Kano a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Mafi yawan masu rubutu suna sa abin a wajen 1867. Almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka watse zuwa Ningi da gabashin ƙasar Zazzau. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka nemi Miller, aka kafa musu ƙauye a Gimi, ciwon barci ya cinye shi cikin 'yan shekaru. Marubutan mishan sun so su nuna Isawa a matsayin Furotesta da ke jiran mai bishara. Amma Isawan farko mutanen salla da azumi ne da karatun allo, kuma gardamarsu a kan matsayin Annabi Isa take, ba a kan bangaskiya da aiki ba. Koyarwar baratarwa a Gimi da Wusasa suka same ta.

Su wa aka yi wa wannan wa'azi? Musulmin Kano ko Katsina ba baƙo ba ne ga tambayar. Ya san mizani, ya san lada da zunubi, ya san imani da aiki nagari suna tafiya tare a Alƙur'ani. Ya kuma san hadisin da ke nuna cewa da rahamar Allah ake shiga Aljanna, ba da aiki zalla ba, kuma malamansa sun karanta tsohuwar gardamar Murji'a da Hawarij a kan ko aiki yana cikin imani. Don haka da mai bishara ya ce aiki ba ya ceto, ba nan ne aka rabu ba. Wurin rabuwa shi ne gicciye, da cewa wani ya ɗauki zunubin wani. Yawancin Turawan mishan sun daɗe ba su gane haka ba, suna ta kwatanta Musulunci da Katolikan zamanin Luther.

Gwamnatin mulkin mallaka kuma ba ta sakar musu mara ba. Gwamna Lugga ya yi wa Sakkwato alkawari a 1903 cewa ba za a taɓa addini ba, kuma daga baya aka kafa dokar cewa gidan Bature, har da na mishan, sai ya yi nisan yadi 440 daga unguwar 'yan ƙasa. Ƙofar da aka buɗe musu a ƙasashen sarakuna ita ce ta jinya. A wajen 1937 aka danƙa wa SIM sansanonin kutare na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Asibitin ido na Kano ya biyo baya a 1943. A Nijar, inda SIM ta fara da Damagaram a 1924 da Tsibiri a 1928 da Maradi a 1940, asibitin Galmi ya buɗe a 1950. Ƙungiyar da ta fi kowa tsoron kada aikin jin ƙai ya shige gaban bishara, ita ce aka wayi gari jama'a sun san ta da wanke gyambo da fiɗar ido. Barbara Cooper, a bincikenta na 2006 a kan Kiristocin Maradi, ta nuna yadda wannan tsoro ya sa SIM ta yi jinkirin buɗe makarantun boko na Faransanci, abin da masu bi na wurin suka daɗe suna ƙorafi a kai. Shobana Shankar kuma, a 2014, ta bi sawun waɗanda suka tuba a sansanonin kutare na Nijeriya.

Akwai wani tufka da warwara na cikin gida. A kan mumbari ana cewa ceto kyauta ne. A ƙofar baftisma kuwa sai mutum ya daɗe a aji, ya bar burukutu da taba da rawar gargajiya, in mai mata biyu ne a hana shi. Wanda ya yi laifi dattawan ikilisiya su sa shi ƙarƙashin horo, a hana shi Jibin Ubangiji. Amsar fastoci ita ce waɗannan shaidar sabon rai ne, ba kuɗin sayensa ba. A tauhidi amsar ta tsaya daidai. A idon manomin da ke kallo daga waje, doka dai doka ce.

Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa a 1932, Miller ne ginshiƙin aikin. Wannan fassara ita ta mai da Hausa harshen coci ga ƙabilun Filato da kudancin Zazzau da Adamawa, waɗanda ba Hausawa ba, kuma a hannunsu koyarwar ta yi ƙarfi. Cocin ECWA, wadda ta fito daga aikin SIM, ta tsaya da ƙafarta a 1954, ikilisiyoyin SUM suka haɗu a TEKAS a 1955, wadda yanzu ake kira TEKAN.

Bangui

A Ubangi-Shari, wato Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta yau, Katolika ne suka riga kowa: mishan ɗin Saint-Paul des Rapides ya kafu a Bangui a 1894. Furotesta sai bayan yaƙin duniya na farko. William Haas ya kafa ƙungiyar Baftis ta Mid-Missions a 1920. James Gribble na cocin 'Yan'uwa ya yi zaman jiran izinin Faransa tun 1918, ya samu a 1921 ya sauka a Bassai kusa da Bozoum. Baftis na Suwidin suka shiga kudu maso yamma a 1923. Mabiya Luther daga Kamaru suka tsallako zuwa yankin Baboua. Abin da ya faru a Nijeriya shi ya faru a nan: masu ra'ayin riƙau ne suka fi ɗauko koyarwar. Bambancin shi ne harshe. Hausa a Bangui harshen kasuwa ne da masallaci, na fataken unguwar Kilomita Biyar da maƙwabtansu na unguwar Miskine. Wa'azin ceto da Sango ake yin sa, kuma Littafi Mai Tsarki na Sango ya kammala a 1966.

Zaren da ya haɗa cocin Hausa da Bangui mutum guda ne. Byang Kato, ɗan ƙabilar Jaba daga Kwoi, an haife shi a 1936, ya tashi a makarantun SIM, ya zama babban sakataren ECWA a 1967. A 1973 aka zaɓe shi babban sakataren ƙungiyar 'yan bishara ta Afirka da Madagaska, ɗan Afirka na farko a kujerar. Damuwarsa ita ce ra'ayin da ke yaɗuwa a jami'o'i cewa addinan gargajiya ma hanyar ceto ne, kuma a littafinsa na 1975, Theological Pitfalls in Africa, ya soki John Mbiti da Bolaji Idowu da sunansu. Da yawa sun ga ya yi tsanani, har a cikin masu ƙaunarsa. Maganin da ya nema shi ne manyan makarantun tauhidi biyu, ɗaya ta Turanci ɗaya ta Faransanci. Ya nitse a teku kusa da Mombasa a watan Disamba 1975. Ta Faransancin, FATEB, ta buɗe a Bangui a 1977, kuma daga nan take yaye fastoci zuwa ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci.

A rikicin da ya biyo bayan kama Bangui da 'yan tawayen Seleka suka yi a Maris 2013 da harin mayaƙan anti-balaka na 5 ga Disamba, Musulmin Miskine da yawa sun koma cikin Kilomita Biyar. Shugaban ƙawancen 'yan bishara na ƙasar, Fasto Nicolas Guérékoyamé-Gbangou, shi ne ya yi ta yawo tare da Babban Bishop Dieudonné Nzapalainga da Imam Omar Kobine Layama suna kiran a ajiye makamai.

Bayan 1999

A ranar 31 ga Oktoba 1999, a Augsburg, cocin Katolika da tarayyar mabiya Luther ta duniya suka sa hannu a sanarwar haɗin gwiwa cewa tsinuwar ƙarni na 16 ba ta hau kan koyarwar da kowane ɓangare ya bayyana a cikin takardar ba. Methodis suka shiga a 2006, cocin Reformed a 2017, Anglikan ma suka amince da jigonta. A 2017 ɗin ne, a Windhoek, aka zaɓi Babban Bishop Musa Panti Filibus na cocin LCCN mai hedikwata a Numan ya shugabanci tarayyar mabiya Luther ta duniya, ya riƙe har 2023. Ƙawancen 'yan bishara na duniya, gidan da ECWA da FATEB suke ciki, ba ya cikin waɗanda suka sa hannu.