Daga Midil Zuwa Ƙaramar Sakandare: Ajin Tsakiya a Ƙasar Haɗejiya

Masu iya magana kan ce waiwaye adon tafiya. Don haka na ga ya dace in ɗan waiwayi tarihin matakin nan na tsakiya, watau wanda yaro ke shiga yana ɗan shekara goma sha ɗaya zuwa goma sha huɗu, domin a nan ne akasari ake samun yaro ko a rasa shi.

Kowa ya san Haɗejiya ba ta karɓi Bature da hannu biyu ba. A watan Afrilu na 1906 aka gwabza yaƙin da Sarki Muhammadu ya yi shahada a cikinsa, don haka ba abin mamaki ba ne da iyayenmu suka daɗe suna ɗari-ɗari da boko. A 1909 Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nassarawa a Kano. A 1922 aka yi bikin buɗe Kwalejin Katsina don horar da malamai, sa'an nan wajen 1930 aka tsara makarantun Midil a lardunan Arewa. Da yake a lokacin Haɗejiya tana cikin Lardin Kano, yaron da ya yi fice a elementare Kano ake kai shi, makarantar da ta zama Kwalejin Rumfa. Midil ta 'yan ƙalilan ce, an tace su an rairaye, kuma makarantar kwana ce. Malami yana iya sanin kowane yaro, da garinsu, da irin ƙwaƙwalwarsa.

Wannan hali ya sauya a watan Satumba na 1976, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, UPE. Yara suka yi ta kwarara fiye da yadda aka yi tsammani, aka shiga horar da malamai cikin gaggawa. A 1977 aka fito da manufar ilmi ta ƙasa mai tsarin 6-3-3-4, kuma daga 1982 aka fara buɗe ƙananan sakandare. A 1989 aka kafa hukumar ilmin makiyaya, daga baya aka haɗa da 'ya'yan masunta. A 1991 muka sami Jihar Jigawa, a 1999 kuma aka ƙaddamar da UBE, wanda dokar 2004 ta mai da shekara tara na farko wajibi kuma kyauta. Ƙofa ta buɗe, alhamdu lillahi. To, amma su wa suka shigo?

Duk wanda ya san ƙasarmu ya san amsar. A aji guda za ka tarar da ɗan birni wanda mahaifinsa ma'aikaci ne, da ɗan Mangawa daga Birniwa, da yaron da ya tashi da Badanci ko Gizimanci a yankin Guri, da ɗan Fulani daga ruga, da ɗan masunci daga Kirikasamma, da ɗan manomin shinkafa daga fadamar Auyo. Wani ya sauke Alƙur'ani amma bai iya rubuta sunansa da boko ba. Wata ta iya karatu sarai amma kunya ta hana ta ɗaga hannu. Kalandar makaranta ɗaya ce, amma ta fadama daban take: akwai lokacin su, akwai na girbi, akwai na ambaliya. A 2022, alal misali, makarantu da dama sun zama masaukin waɗanda ruwa ya kora, yara suka yi makonni ba karatu. Dukkan waɗannan sai a zaunar da su, a ba su darasi ɗaya da Turanci, a yi musu jarrabawa ɗaya.

A jami'a na ɗan taɓa ilmin halayyar koyo, amma ban gane amfaninsa ba sai da na fara koyar da wasu yaran ƙaramar sakandare a zauren gidanmu ranakun Asabar da Lahadi, bayan na huta daga ofis. Akwai wani yaro ɗan masunta da aka yanke wa hukuncin daƙiƙanci, domin lissafin kashi-kashi ya gagare shi. Na yi mako uku ina maimaita masa abin da ke littafi, ba ko motsi, kuma laifina ne. Wata rana na tambaye shi yadda ake raba kifi tsakanin mai kwalekwale da mai taru da masu ja. Nan take ya kasa mini shi daki-daki, har da rabon wanda ya zo a makare. Ashe ya san rabi da sulusi da rubu'i tun da daɗewa, alamar da ke kan allo ce kawai baƙuwa gare shi.

Masana sun yi bayanin wannan tuntuni. Jean Piaget na ƙasar Suwizalan ya nuna cewa sai wajen shekara goma sha ɗaya ko sha biyu yaro ke fara iya tunani a kan abin da ba ya gani ko taɓawa, kafin nan sai da misali na zahiri. Lev Vygotsky na Rasha, wanda ya rasu a 1934, shi kuwa ya ce koyo na faruwa ne a ɗan tsakanin abin da yaro zai iya shi kaɗai da abin da zai iya idan wanda ya fi shi ya kama masa. A nan gida, gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da harshen Yarabanci tsawon firamare ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin ma.

Abin sha'awa shi ne, tsangaya ta riga mu gane wannan. Kowane almajiri da allonsa, ba a wanke masa sai ya biya daidai, ba a kuma tsayar da mai saurin hadda don jiran na baya. Gardi na biya wa kolo, alaramma na duba gardi. Malaman Midil ma sun ci nasara ne saboda sun san yaransu ɗaya bayan ɗaya. Abin da muka rasa ke nan da aji ya cika ya batse, kuma ba laifin malami ba ne, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka nake roƙon ƙungiyarmu, kamar yadda muke tara kuɗin gyaran rufi da kujeru, mu ware lokacin dogon hutu don darasi ga 'yan aji ɗaya, rukuni-rukuni, kada ya wuce yara goma. A fara da gano inda kowane yaro ya tsaya, a yi masa bayani da harshen da yake ji, a ɗauko misali daga gona da ruga da bakin kogi. Malamanmu da suka yi ritaya su zama jagorori. Mu ma wani ne ya tsaya ya fahimce mu.