Gawayi Kafin Fenti: Tarihin Zanen Farko

Wanda ya tsaya gaban hoton fenti launi kawai yake gani. Amma a ƙarƙashin launin nan akwai wani zane da aka binne, wato daftarin mai aikin, kuma abin da ya zaɓa ya yi daftarin da shi yana da dogon tarihi.

Wajen shekarar 1400, wani mai zane ɗan ƙasar Italiya, Cennino Cennini, ya rubuta littafi kan sana'arsu. Ya ce a sami ƙirare, a ɗaure su, a sa a tukunya a liƙe bakinta, a kai wa mai gashin burodi su kwana a murhunsa. Da safe sun zama gawayin zane. Dalilin fifita gawayi kuwa shi ne yana goguwa. In layi ya karkace, sai a share da gashin tsuntsu a sake. Aibinsa ɗaya: garinsa na ɓata launi. Saboda haka in zanen ya zauna, sai a bi layukan da tawada mai ruwa-ruwa, a kakkaɓe gawayin.

Masu zanen bango kuwa jar ƙasa suke amfani da ita, wadda ake kira sinofiya, daga sunan garin Sinop na Turkiyya. Da gobarar yaƙi ta lalata ginin Camposanto na birnin Pisa a 1944, aka ɓamɓare fentin don a cece shi, sai ga jajayen daftarori sun bayyana bayan ɗaruruwan shekaru.

A Banis, inda danshi ke cinye zanen bango, aka koma kan ƙyalle mai kauri a ƙarni na 16. Gwanaye irin su Titian sukan ja daftarinsu da burushi kai tsaye, suna gyara suna tafe. A ganina wannan sai mai ƙarfin hali.

Fensir baƙo ne. Sai a 1795 Bafaranshe Conté ya gauraya girafayit da yumɓu ya gasa. Har yau masu fentin mai na ɗari-ɗari da shi, domin layinsa kan nuna ta cikin launi mara kauri.

A ƙarshen shekarun 1960 masanin Holan, van Asperen de Boer, ya inganta na'urar leƙa ƙarƙashin fenti da hasken infared. Da irinta aka ga yadda Jan van Eyck ya sauya hannun Arnolfini da idanunsa a hotonsa na 1434. Sai dai baƙin gawayi na'urar ta fi gani. Daftarin da aka yi da jan alli galibi ba ya fitowa.